GenBank: Nema da Hannu ko da E-utilities?

Mai binciken da ke son jerin DNA guda uku daga GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, shafin NCBI, cibiyar Amurka da ke kula da rumbun, ya ishe shi: ya rubuta suna, ya danna, ya sauke. Idan sun kai dubu biyu fa? Nan hannu ke gajiya, ido ya fara tsallake layi, kuskure ya shigo ba sallama.

Shi ya sa na fi son E-utilities, kayan aikin NCBI da ke ba shirin kwamfuta damar yin binciken a madadinka. 'Yan layuka za ka rubuta da yaren kwamfuta na Python: ɗaya daga kayan, ESearch, ya tattaro lambobin shaidar jerin, wani kuma, EFetch, ya kawo jerin a tsarin rubutun DNA na FASTA. NCBI na karɓar buƙata 3 a daƙiƙa, 10 ga mai mabuɗi, wato lambar da take ba wanda ya yi rajista. Koyonsa da wuya da farko, gaskiya, amma baɗi za ka maimaita binciken ba tare da sake danne-danne ba.