Sharhi Kan Rigar Salon Shekarun 1950 da Fatarin da Ake Sawa a Ƙarƙashinta

Daga wani kantin intanet na Ingila na sayi wannan riga, irin kantunan nan da suke ɗinka sababbin kaya a kan fasalin tufafin matan Turai da Amurka na shekarun 1950. Yadinta auduga ne mai ɗan kauri, shuɗi mai ɗigo-ɗigon fari, ta kama jiki daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga nan kuma siket ɗin ya baje ya sauka har tsakiyar ƙwauri. Na haɗa da fatarin raga da kantin yake sayarwa, domin shi ne yake ɗaga siket ɗin ya ba shi siffarsa.

Wannan fasali ya shahara ne bayan da Christian Dior, mai tsara tufafi ɗan ƙasar Faransa, ya nuna ɗinkunansa na farko a birnin Paris ranar 12 ga Fabrairu, 1947. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yadi ya yi wuya, har ta kai a Ingila sai da kati ake sayen tufafi tun daga 1941 zuwa 1949, saboda haka siket ɗin mata ya zama gajere kuma tsukakke. Da Dior ya zo da siririn ƙugu da siket mai cin yadi ba ƙaƙƙautawa, wasu sun kira abin almubazzaranci, amma mata suka rungume shi hannu bibbiyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yankan siket ɗin, kuma a nan kantin bai yi ha'inci ba. Idan aka shimfiɗa shi a ƙasa, cikakkiyar da'ira ce mai rami a tsakiya inda ƙugu yake shiga, babu tattara ko ɗaya a wurin ɗauri. Wannan ne ya sa yake kwanciya lumui a ƙugu, duk faɗin ya tafi ƙasa. Ga mai ƙugu inci 30 da siket mai tsawon inci 30, kewayen bakinsa yakan kai yadi 6, wato tsawon turmin atamfa guda. Mace tana tafiya yadin yana kaɗawa a hankali, idan ta juya kuma ya buɗe gaba ɗaya. An sa aljihu a gefe biyu, zif ɗin baya kuma bai taɓa maƙalewa ba.

Aibin da na gani a rigar ɗaya ne. Bayan ta ɗan jima a rataye, sai bakin siket ɗin ya daina daidaita, wasu wurare suka zazzago fiye da wasu. Telata ta bayyana mini cewa duk yadin da aka yanka da'ira, akwai ɓangarorinsa da suke faɗawa a karkace, su ne kuma suke miƙewa da nauyin kansu, shi ya sa ake rataye siket kwana ɗaya ko biyu kafin a yi masa kalmasa. Da alama masu ɗinkin sun yi gaggawa. Ta warware, ta daidaita, ta sake kalmasawa, amma kayan da aka biya kuɗin jirgi a kansa bai kamata ya buƙaci wannan gyara ba.

Fatarin kuwa shi ne ya ɓata mini rai ƙwarai. Ragar nailan ce mai tauri, an tattare ta tun daga ƙugu a kan siririyar roba, kuma babu shafi a ciki. Sai ya kumbura kwankwaso, ya ɓata siririn ƙugun da aka yi rigar dominsa, ragar kuma tana kartar cinya har fata ta yi ja, musamman idan zufa ta zo. Daga baya na samu wani a wurin wata mai sayarwa dabam: samansa santsi ne daga ƙugu zuwa kwankwaso, tattarar tana farawa daga nan hawa-hawa, ragar mai laushi ce, an kuma yi masa shafi. Da na sa shi sai rigar ta zama kamar wata dabam, ta tsaya yadda ake ganinta a hotunan wancan zamani. Ya kamata fatari ya gaza siket da kamar inci ɗaya, don ya tallafi bakinsa ba tare da ya leƙo ba. Matan wancan lokaci har da sitati ko ruwan sukari suke ƙarfafa nasu. Ni dai da hannu nake wanke nawa, in shanya shi a inuwa, ba na kuma kai masa dutsen guga mai zafi, domin nailan narkewa yake yi.

Sa wannan kaya yana da nasa ɗawainiya. Kafin a zauna sai an shafe siket ta baya, shiga adaidaita sahu da shi aiki ne, iska mai ƙarfi tana ɗaga shi, idan lokacin salla ya yi kuma cire fatarin nake yi. A watannin bazara ba na kusantar sa da rana. Tun da tsawonsa bai rufe ƙafa ba, a gida da taron mata zalla nake sawa, a nan kuwa ya biya ni kuɗina.

Duk wadda take son saye, ta auna ƙugunta da tef ta bi incin da aka rubuta, domin wurin ba ya miƙewa ko kaɗan, ta kuma ware kuɗin fatari mai kyau dabam. Yanzu na ba telata rigar ta kwaikwayi yankan, ta ɗinka mini mai dogon hannu wadda za ta kai idon sawu. Ta gargaɗe ni in zaɓi atamfar da zanenta ba shi da sama da ƙasa, don a yankan da'ira furen da ya tsaya daidai a gaba kwanciya zai yi a gefe, ta kuma ce turmi ɗaya ba zai isa ba.