Golf 4 mai shan dizal a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram: inji ya cika alkawari, ƙafa ce abin lura

Duk wanda ya tambaye ni ko ya sayi ƙaramar mota mai shan dizal, nakan fara tambayarsa ina zai riƙa zuwa da ita. Idan daga gida zuwa kasuwa ne, daga kasuwa zuwa makarantar yara, to ya bar ta inda ya gan ta. Idan kuwa mutumin doguwar hanya ne irina, wanda neman abinci ke kai shi Tasawa da Damagaram, wani lokaci har Yamai, sai mu zauna mu yi magana.

Tawa Volkswagen Golf 4 ce mai injin 1.9 TDI, mai ƙarfin doki 90. An ƙera wannan samfuri daga 1997 zuwa 2003, ke nan ko autarsu ta haura shekara 20 a duniya. Tawa ta gama nata aikin a Turai kafin ta shigo ta Kwatano, tun ba a rufe iyakar Benin a 2023 ba. Giyar hannu ce guda 5, tayoyin gaba ke ja.

Doki 90 ba abin tinƙaho ba ne a takarda. 'Yar'uwarta mai shan fetur, mai injin 1.6, ta kai doki 100. Amma a kan kwalta labarin daban yake, domin abin da direba ke ji a bayansa idan ya taka totur ba doki ba ne, ƙarfin murɗa taya ne. Mai dizal ɗin tana ba da Nm 210 (Nm shi ne ma'aunin wannan ƙarfi) tun inji na juyi 1,900 a minti. Ta fetur ɗin ba ta kai Nm 150 ba, shi ma sai ka kai ta wajen juyi 3,800, tana ihu. Amfanin wannan yana fitowa ne a hanya irin tamu ta RN1, mai hannu ɗaya zuwa ɗaya dawowa, inda za ka tarar da tirela ta ɗauko kaya ya fi ta tsayi tana tafiyar hawainiya. Kana giya ta 5 a gudun kilomita 80, ka leƙa ka ga gaba babu kowa, ka taka, sai ka ji motar ta ɗauka ba tare da ka taɓa giya ba. Ko da mutum huɗu a ciki da buhuna a but, bambancin kaɗan ne. Wannan shi ne abin da ya sa na kasa rabuwa da ita.

Sai dai ƙarfin nata yana da iyaka sama da ƙasa. Ƙasa da juyi 1,500 kasala ce zalla, tabo (turbo, mai cusa wa inji iska) bai farka ba, ka taka ta yi kamar ba da ita kake ba. Bayan 3,500 kuma ƙara ce kawai ke ƙaruwa. Wanda ya saba da fetur yakan ja giya har ta ƙure, ya ce motar ba ta gudu. Tana gudu, sauya giya da wuri take so. A cikin gari wannan hali yana gajiyarwa: ga mai babur ya ratso, ga amalanke, ga kulocin da nauyi, kai ta kaiwa da komowa tsakanin giya ta 2 da ta 3. Da sanyin safiya a lokacin hunturu kuwa, idan ka tayar da ita maƙwabta sun san ka tashi. Sitiyari da sandar giya duk karkarwa suke har sai inji ya ɗau zafi. A kan hanya ƙarar tana kwanciya, domin a gudun kilomita 100 injin bai kai juyi 2,500 ba.

Batun shan mai, a nan ne mutane ke yaudarar kansu. Gaskiya ne ba ta sha. A doguwar tafiya lita 5 zuwa 6 nake gani a kilomita 100, kuma tankinta lita 55 ne, don haka in na cika a Maraɗi ina shiga Yamai da sauran mai na yawo. Amma lita ba ita ce kuɗi ba. A farashin da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, litar gazuwal, wato dizal, sefa 618 ce, fetur kuwa 499, duk da cewa matatar SORAZ tana nan kusa da Damagaram tun 2011. Ɗauki lita 5 da rabi na gazuwal, kusan sefa 3,400 ke nan. Mai fetur da ta sha lita 8 ta ci kusan 4,000. Ratar sefa 600 ce a kilomita 100. Mai yawan tafiya zai ga ribarta a ƙarshen shekara, mai zagayen gari kuwa gyaran famfon mai sau ɗaya ya cinye ta duka.

To, ƙafa. Nan ne sharhin yake, kuma nan ne masu saye ba sa dubawa. Za ka ga mutum ya buɗe bonet, ya saurari inji, ya duba hayaƙin salansa, ya biya kuɗi, bai ko durƙusa ya leƙa ƙasa ba.

Injin dizal ya fi na fetur nauyi, kuma dukkansa a kan tayoyin gaba yake zaune. A miƙaƙƙiyar kwalta wannan alheri ne. Motar tana dafe da ƙasa, iskar da babbar mota ke bugowa idan kun wuce juna ba ta girgiza ta, sitiyarin yana da ɗan nauyi mai sa hankali ya kwanta. Tsakanin Gazawa da Tasawa da yatsu biyu za ka iya riƙe ta. Da an zo kwana sai nauyin ya nuna kansa: ka murɗa, ita kuma hancinta ya fi son ya miƙe, jikin ya kwanta gefe guda kafin ta bi ka. Ba ta ba da tsoro, domin da ka ɗaga ƙafa daga totur take dawowa layi, amma ba motar da za ka ce kana jin daɗin lanƙwasa ta ba ce. Rage gudu tun kafin kwana, ka fita da totur, ku rabu lafiya.

A baya kuma ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu. Tsari ne mai sauƙi, mai ƙarko, ba shi da tarkacen da za su lalace, wanda a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne. Illarsa, idan tayar dama ta faɗa rami ta hagu ma ta samu labari. Sai a Golf 5, wadda ta fito a 2003, aka raba wa kowace taya nata hannuwan. Direba ba ya jin wannan sosai, na baya ke sha. Ranar da na ɗauko mahaifiyata daga ƙauye muka biyo burji mai gargada, ba mu yi nisa ba ta dafa kujerata ta ce, "Kai ɗan nan, ko dai ka tsaya in sauka in taka da ƙafata?" Na ce, "Yi haƙuri Inna, mun kusa kwalta." A irin wannan hanya babu dabara sai tafiya a hankali. Masu Hilux sukan ƙara wuta su bi ta saman gargadar, amma in ka gwada haka da Golf bayanta sai ya fara rawa yana neman gefe.

Na tuƙa Peugeot 306 ta wani abokina, mai injin 2.0 HDi, ita ma doki 90, a hanyar da na saba bi. Ta fi tawa laushi a rami, ta kuma fi ta biyayya a kwana nesa ba kusa ba. Mutanen Faransa sun iya ƙafa, duk wanda ya shiga 504 ta da ya san haka. Amma da na rufe ƙofarta na tuna da tawa. Jikin Golf ya fi kauri, cikinta ya fi shiru, kujerunta ba sa tara wa mutum ciwon baya. Kowace da inda ta fi.

Abin da ya kamata mai saye ya sa a ransa shi ne, ƙafar da ta yi shekara 20 ta riga ta gaji tun kafin ta hau jirgin ruwa. Robobin hannuwan gaba sun bushe, zafinmu kuma ya ƙarasa su. Shokozoba ta saki. Tun da na saye ta na ji wani ƙwas-ƙwas a gaba duk lokacin da na hau tudun rage gudu, irin waɗanda ke bakin kowane gari a hanyar nan. Bakanikena, dattijo ne da ya daɗe a kan motocin Jamus, ya sa ƙarfe ya ɗaga hannun tayar, ya nuna mini robar ta tsage gida biyu. Ya ce, "Alhaji, injin nan zai binne mu ni da kai. Kuɗinka a ƙafa za ka zuba." Muka sauya robobin gaba da na ƙarfen baya, da shokozoba huɗu, aka daidaita tayoyi. Sai ta zama wata mota. Kwanciyar da take yi a kwana ta ragu, birki ya daina sa ta dungure da hanci, tayoyin gaba suka daina cinyewa ta ciki. Shawara ɗaya a nan: shokozoba mai araha da ake sayarwa a kwali mai ƙyalli, wadda ba a san asalinta ba, ba ta kai damina biyu. Gara ta hannu mai kyau da sabuwar jabu.

Tana da ƙasa, wannan ba gyara ke maganinsa ba, don titunan Turai aka auna ta. Kaskon baƙin mai na alminiyam ne kuma yana kusa da ƙasa, dutse ɗaya ya isa. Tun makon farko na sa maƙeri ya yi mini farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, kuma zanen da ke jikinsa yau ya isa shaida. Wasu suna sa zobe a kan sifirin su ɗaga ta. Ɗan kaɗan ba laifi, amma in aka zarce sai ta ƙara kwanciya a kwana, sandunan da ke juya tayoyin gaba kuma su riƙa aiki a karkace. Taya ma haka: ka tsaya a 195/65 R15 mai kaurin gefe. Samarin da ke sa mata manyan rim da siririyar taya don ado suna sayen wahala ne, kowane rami sai ya isa ƙashin bayansu. Yashi kuwa ba wurinta ba ne sam. Gaba mai nauyi, ƙarfi mai zuwa gaba ɗaya, tayoyin sai su haƙa wa kansu rami.

Ta fuskar inji abubuwa biyu nake tsare wa. Bel ɗin taimin, domin in ya tsinke bawul da fistin za su haɗu, gyaran kuma ya kusa kuɗin wani injin. Duk wanda ya sayi irinta ya sauya shi nan take, kada ya yarda da abin da aka rubuta a takarda. Sai tsabtar mai. Ba na shan na kwalba a bakin hanya, kuma ina sauya matatar gazuwal akai-akai saboda ruwa da ƙura. Duk da haka tsohon famfonta ya fi na sababbin haƙuri. Ƙananan motocin dizal da aka yi daga wajen 2009 suna da matatar toka a salansa, wadda ke toshewa idan ana gajerun tafiye-tafiye, ga nozul masu tsada da ba kowane gareji ke iya taɓawa ba. Wani ya yi mini tayin musanya da irinsu, har da ciko kaɗan, na ce ya bari tukuna.

In za ka je dubawa, tafi da bakanikenka, ka sa a ɗaga ta a girgiza kowace taya, ka nemi hanya mai gargada ka bi da ita gilashi a sauke kana saurare. Abin da ka ji ya yi ƙara, cire kuɗinsa daga farashi kafin ku yi sallama.