Bayan Komawa Windows 11 PDF Ya Ƙi Fita: Wace Hanya Ta Cancanci Kuɗinka?

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu shagunan buga takardu a Garwa, Marwa da Njamena suke ta komawa Windows 11. Sai ga katin biki ko kalandar da ke fita lafiya jiya, yau ta ƙi zama PDF. Nan da nan a ɗora wa firinta laifi, alhali sau da yawa ba ruwanta.

Kafin ka taɓa aljihu, buɗe wani PDF na daban a Acrobat Reader ka buga. In ya fito, firinta lafiyarta ƙalau. In ya maƙale, tsayar da Print Spooler (sashen Windows da ke jera ayyukan da za a buga), share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ka sake kunna shi, sannan ka saka direba (manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta) mai 64-bit daga shafin kamfanin firintar. Windows 11 ba ya karɓar direba mai 32-bit. In kuma ba ka kai kwana 10 da sabuntawa ba, akwai damar komawa tsohon Windows.

Masu PageMaker 7, tsohuwar manhajar tsara shafuka ta Adobe, sun fi kowa shan wuya. Manhajar ta 2001 ce, kuma ba ta haɗa PDF da kanta: tana rubuta PostScript (harshen bayyana shafi ga firinta) ta hannun direba, manhajar Acrobat Distiller ta juya shi zuwa PDF. Sabuntawa na taɓa direban, igiyar ta tsinke.

Hanya mafi sauƙi ita ce Microsoft Print to PDF, wanda ke cikin Windows kyauta. Ya isa ga wasiƙa da takardar jarrabawa. Amma launinsa RGB ne na allon kwamfuta, ba CMYK na tawadar maɗaba'a ba, don haka kada ka kai aikinsa maɗaba'a. PDFCreator, wata manhajar haɗa PDF, ya fi shi zaɓuɓɓuka, sai dai faci ne a kan tsohuwar riga.

Kuɗi ya fi dacewa ya tafi ga manhajar da ke fitar da PDF da kanta, ba tare da direba ba. CorelDRAW na yin haka, kuma akwai lasisin da ake biya sau ɗaya. InDesign ya fi ƙarfi wajen littafi mai shafuka da yawa, amma haya ce: biya da katin banki, da intanet lokaci zuwa lokaci don tabbatar da lasisi. A lura, InDesign na bayan sigar CS6 ba ya buɗe fayil ɗin PageMaker. Scribus kyauta ne, yana fitar da PDF/X-1a (nau'in PDF na maɗaba'a) da CMYK, yana kuma rubutu daga dama zuwa hagu, abin da mai aikin Larabci ko ajami a Chadi ba zai raina ba. Kuɗinsa shi ne lokacin koyo. Publisher kuwa kada ka soma, Microsoft ya sa Oktoba 2026 a matsayin lokacin yaye shi.

Sai haruffa. Adobe ya daina karɓar tsohon tsarin haruffa na Type 1 tun Janairu 2023, shi ya sa wasu tsofaffin haruffa ke ɓacewa. Don ɓ, ɗ, ƙ da ŋ na Fulfulde, ɗauki Charis SIL ko Andika, don ajami kuma Harmattan. Wajen fitarwa, cusa haruffan cikin PDF ɗin, kaifin hotuna ya zama 300 dpi, ka bar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka.

In kana da tsohuwar kwamfuta mai PageMaker, kada a sayar. A cire ta daga intanet, a bar ta tana buɗe tsofaffin ayyukan kwastomomi tana mayar da su PDF.

In har firintar ce ta gaza, nemi mai fahimtar harshen firinta na PostScript ko PCL 6. Ƙananan na gwanjo masu araha galibi sun dogara kacokan ga direba, in kamfani bai fitar da na Windows 11 ba, ka sayi akwati. Duba lambar samfurin a shafin kamfanin tun kana gaban mai sayarwa.