Multimita ko mita mai baki: wanne za ka fara saya?

Ɗan'uwanmu na Ƙofar Marusa da ke koyon wayarin da haɗa sola ya yi tambaya a zauren nan: kuɗin mita ɗaya ne a hannunsa, shin multimita mai wayoyi biyu zai ɗauka, ko mai baki irin na filaya da ake ce wa kilam? Babban abin da yake so shi ne ya san yawan wutar da kaya ke ja. To ƙanena, ga yadda nake ganin lamarin.

Folt shi ne ƙarfin da ke ingiza wuta, amfiya kuma yawan wutar da ke gudana cikin waya. Wutar da kamfanin rarraba wuta na KEDCO ke kawo mana gida an tsara ta a kan folt 230, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ita ce AC. Ta batir da ta farantin sola kuwa hanya ɗaya take bi, ita ce DC. Auna folt ba wuya, ka ɗora tsinken wayar mitar ɗaya a laif (wayar da ke kawo wuta), ɗaya a nutural (wadda wutar ke komawa ta cikinta), ba ka kwance komai ba. A wajen amfiya ne mitocin biyu suka raba hanya.

Multimita ba za ta gaya maka amfiya ba sai wutar ta ratsa ta cikinta, kamar mitar ruwa da sai an yanke bututu an dasa ta a tsakiya. Wato sai ka kashe wuta, ka raba wayar, ka mayar da jan tsinke ramin da aka rubuta 10A, ka haɗa bakunan biyu da mitar, sannan ka kunna. Galibi iyakarta amfiya 10, shi ma na ɗan lokaci, kuma masu arahar nan da yawa ba su da fis a wannan rami, ba sa ma auna amfiyar AC. Haɗarin da nake so ka riƙe shi ne wannan: ramin 10A kusan waya ce miƙaƙƙiya a ciki. Idan ka gama aiki ka manta tsinken a wurin, ka je ka soka a soket don duba folt, ka haɗa laif da nutural da hannunka ke nan. Tartsatsi zai tashi a gaban fuskarka, tsinke ya narke, mita ta ƙone, kai ma ba lallai ka tsira da ƙuna ba.

Kilam ba ta buƙatar a yanke komai. Duk wayar da wuta ke bi akwai maganaɗisu kewaye da ita, shi bakin yake karantawa. Ka buɗe, ka zura waya ɗaya tak, ka rufe bakin ruf. Idan ka kama igiyar dutsen guga gaba ɗaya sifili za ka gani, domin laif da nutural suna soke juna. Rauninta shi ne ƙaramar wuta, irin ta cikin rediyo ko wayar salula, a nan multimita ta fi ta ido.

Yanzu duba aikin da ka ce kana koyo. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan folt 230 yana jan wajen amfiya 4.3, domin idan ka raba wat da folt amfiya za ka samu. Shi ɗin dai, idan inbata mai batir folt 12 ce ke ɗauke da shi, a ɓangaren batir ya haura amfiya 83. Multimita ba ta da hurumi a wurin. Shi ya sa ni dai kilam zan ce ka saya, da sharaɗi: ka tabbata akwai DC a gefen amfiya, domin da yawa AC kaɗai suke karantawa, a wayar batir ba za su nuna komai ba. Mai DC tana da maɓallin mayar da lamba sifili, a danna shi kafin kowane awo. Akasarinsu kuma suna zuwa da tsinkaye na auna folt da gano wayar da ta tsinke, ka ga ka sami rabin aikin multimita. Tunda za ka riƙa buɗe akwatin breka, nemi wadda aka rubuta CAT III a jikinta, alamar cewa an yi ta don jure irin wannan aiki.

Kowacce ka saya, ka sani cewa abin da ke kashe mutum bai kai amfiya ɗaya ba. Miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya, ta isa ta zama barazana idan ta bi ta ƙirji, shi ya sa na'urar kariya ta RCD ke yanke wuta a daidai nan. Gumin bazarar Katsina kuwa yana sauƙaƙa wa wuta ratsa fata. Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, tana iya dawowa kana riƙe da waya, ko inbatar gidan ta ciyar da layin. Sauke breka, kashe inbata, gwada mitarka a inda ka san akwai wuta, sannan ka gwada wayar da za ka taɓa. A wajen batir kuma cire zobe da agogon ƙarfe, ka naɗe sifana da tef, domin batir folt 12 ba zai ja ka ba, amma idan ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu ɗaruruwan amfiya ne za su bi ta cikinsa nan take.