Ofishin lauyoyin da ke kula da gidajen haya a Wuse: abin da suka iya da inda suka gaza

Masu gidajen haya da dama a Abuja suna barin al'amarinsu a hannun dillali, wanda aikinsa yake ƙarewa da zarar ya karɓi la'adarsa. Ofishin da nake magana a kansa, na wasu lauyoyi ne a Wuse, kuma suna karɓar gida gaba ɗaya: su tantance ɗan haya, su rubuta yarjejeniya, su karɓi kuɗi, su kuma tsaya a kotu idan rigima ta taso. Ladansu kashi 10 cikin ɗari ne na kuɗin hayar shekara, kuma ni a ganina kuɗin bai yi yawa ba idan aka duba ɓangaren shari'a kaɗai.

Ƙarfinsu yana wajen fitar da ɗan hayar da ya ƙi biya. Tun ranar farko suna gargaɗin mai gida cewa cire kwanon rufi, ko canza kwaɗo, ko yanke wuta da ruwa, duk hanyoyi ne da za su mayar da mai gaskiya mai laifi a gaban alƙali. Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja ta tanadi notis na wata shida ga mai biyan shekara, wata uku ga mai biyan wata uku-uku, wata ɗaya ga mai biyan wata, sai dai idan yarjejeniya ta ƙayyade wani wa'adi dabam. Bayan wa'adin ya cika, sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai da ke sanar da shi cewa mai gida zai garzaya kotu. Kuskure a lissafin ranakun nan yana iya rusa ƙarar baki ɗaya, a koma farko, ɗan haya kuwa yana zaune kyauta. Saboda haka suke rubuta yarjejeniya mai ƙayyadadden wa'adi da gajeren notis, kuma wannan sharaɗin kaɗai ya isa ya biya ladansu.

Ga mai son sayen gida ko fili, ba sa yarda a biya ko sisi sai sun yi bincike a AGIS, wato ofishin gwamnati da ke ajiye bayanan filayen Abuja, sun tabbatar da sunan da ke kan fayil, da ko an jinginar da gidan a banki, da bashin harajin fili. Suna kuma faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa a Babban Birnin Tarayya ministan Abuja ne kaɗai ke ba da fili, don haka takardar dagaci ba ta tsayar da rusau. Haka nan takardar wakilci (wadda mai gida ke ba wani ikon tsaya masa a kan gidan) da ake yawan sayen gida da ita ba ta mayar da mallaka da kanta, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar hukuma kafin a sauya hannu. Idan gidan gado ne, sai sun ga sa hannun magada ko hukuncin rabon gado daga kotu.

Inda suka gaza shi ne kula da ginin kansa. Lauyoyi ne, ba magina ba, kuma koken ɗan haya kan yoyon rufi ko cikar masai yakan jima a kan tebur kafin a turo mai gyara. Bayanin kuɗin shiga da na fita ma ba ya zuwa sai an nema. Sannan duk takardunsu da Turanci suke, irin na kotu, alhali da yawa daga cikin masu gidajen 'yan kasuwa ne da ke zaune a Kano ko Sakkwato, waɗanda suka cancanci a karanta musu kowane sharaɗi da Hausa kafin su sa hannu. Wanda zai ba su gidansa, ya nemi a rubuta lokacin kawo rahoto a cikin yarjejeniyarsa da su, ya kuma ajiye nasa mai gyaran.