Sharhi kan shagon da ya buga mini zanen mafarki uku a kan ƙyalle

A farkon hunturun da ya wuce na kai aiki wani shago a Kano, ɗaya daga cikin waɗanda ke buga hoto a kan ƙyalle su ɗaure shi a jikin katako, sana'ar da ta yawaita tun da injinan buga allunan talla suka zama ruwan dare a gari. Yawancin masu zuwa wurin hoton biki suke kawowa, ko na mahaifin da ya rasu, ko wata aya da aka ƙawata rubutunta domin ratayawa a falo. Ni kuwa zane uku na nema, dukkansu na Turawa ne, kuma dukkansu irin zanen nan ne da dabba take shiga sha'anin mutane ba tare da kowa ya yi mamaki ba, kamar yadda abin yake faruwa a mafarki. Na jinkirta wannan sharhi wata huɗu da gangan, domin in ga abin da ƙura da rana za su yi wa aikin kafin in yanke masa hukunci.

Ta fuskar karɓar mutane ba ni da ƙorafi. Shagon yana da tsabta, yaran wurin suna da ladabi, kuma an nuna mini samfurin ƙyalle iri biyu na taɓa da hannuna kafin in zaɓa. An yi mini alkawarin kwana huɗu, na karɓa a kwana na shida, wanda ga mai mu'amala da masu sana'ar hannu ba abin tada jijiyar wuya ba ne. Katakon da aka yi amfani da shi busasshe ne, an ja ƙyallen ya ɗame sosai, har idan an ƙwanƙwasa shi da yatsa yana amsawa kamar fatar ganga. Ɗaurin ya fi bugun tsada, kuma na ga dalilin hakan, domin a nan ne gwanintar shagon take.

Zanen da ya fi fitowa da kyau shi ne na Henri Rousseau, Bafaranshen da ya yi shekaru yana aikin karɓar kuɗin shigo da kaya a ƙofofin birnin Paris, bai kuma taɓa shiga makarantar koyon zane ba. A shekarar 1897 ya zana wata mata baƙar fata tana barci a kan rairayi cikin farin wata, sanye da doguwar riga mai ratsi-ratsi, da sanda a hannunta, ga tulu a gefe da wani abin kiɗa mai tsirkiya, sannan ga zaki tsaye a kanta yana sunsunar kafaɗarta, wutsiyarsa a miƙe. Babu sawun ƙafar kowa a kan rairayin, ba na matar ba, ba na zakin ba, saboda haka mai kallo ba shi da hanyar sanin ko zakin ya zo ne da gaske ko kuwa ita ce take mafarkinsa. Rousseau ya taɓa yi wa magajin garinsu, Laval, tayin zanen, ba a saya ba, kuma yau yana rataye a gidan adana zanen zamani na birnin Niyok. Mutumin ya rasu a 1910, shekara 14 kafin marubucin Faransa André Breton ya ƙaddamar da tafiyar suriyalizim a Paris a 1924, amma masu wannan salo na zanen mafarki sun ɗauke shi a matsayin wanda ya share musu hanya.

Abin da ya taimaki wannan zane a hannun shagon abu biyu ne. Na farko, asalinsa yana da faɗin kusan santimita 200 da tsayin kusan 130, wanda ya yi kusa da ma'aunin 90 da 60 da na zaɓa, don haka ba a yanke komai mai muhimmanci ba, in ban da ɗan abin da ya naɗe ta bayan katako. Na biyu, Rousseau da manyan fili yake aiki: sama guda ce shimfiɗe, rairayi guda ne, jikin zaki dunƙule ne, ratsin riga kuma a fili yake. Injin da ya saba buga allon talla ya san irin wannan aiki. Gezar zakin ta fito sili-sili, ƙwayar idonsa mai zagaye da ke ba mutum dariya da tsoro a lokaci guda tana nan yadda take, kuma daga nesa da taku uku ba na jin akwai wanda zai ce an cuce ni.

Na biyu shi ne zanen Marc Chagall na 1911 wanda ake kira Ni da Ƙauye, inda wani mutum mai koriyar fuska yake kallon ido da ido da wata dabbar gida, a cikin kumatun dabbar kuma ana ganin wata mata tana tatsar nono, can sama kuma ga gidaje biyu da wata mata sun kife kai ƙasa. Chagall ya zana shi ne yana baƙo a Paris, yana tuna yankin Vitebsk inda ya tashi, wanda a yau yake cikin ƙasar Belarus. Wannan na nemi a yi mini shi a kan 60 da 75, kuma ma'aunin ya dace da asalinsa. Matsalar da aka samu ta launi ce. Wanda ya shirya hoton a kwamfuta ya ƙara wa launukan ƙarfi, wataƙila bisa sabo da masu son hoton bikinsu ya yi ɗau, sai ja ya koma kamar na tumatirin gwangwani, shuɗin kuma ya karkata zuwa shunayya. Akwai wani siririn layi da Chagall ya ja daga idon mutumin zuwa idon dabbar, wanda shi ne igiyar da ta ɗaure zanen gaba ɗaya, domin da shi ake gane cewa su biyun sun san juna. A nawa bugun sai na kunna fitila na matsa kusa kafin in hango alamarsa. Duk da haka zanen yana da daɗin kallo, yara kuma sun fi tsayawa a gabansa suna karkata kai don su ga matar da ta kife.

Na uku ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi, domin shi na fi so kuma shi ya fi lalacewa. Leonora Carrington 'yar Ingila ce, an haife ta a 1917 a yankin Lancashire cikin gidan wani attajiri mai masaƙa, ta bijire wa rayuwar da aka tsara mata, ta bi mai zane Max Ernst zuwa Faransa bayan haɗuwarsu a 1937. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba su, ta gudu Sifaniya inda aka kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali a Santander, daga baya ta isa Meziko, a can ta zauna har rasuwarta a 2011. Tsakanin 1937 da 1938, tana da shekara ashirin da 'yan kai, ta zana kanta zaune a bakin wata shuɗiyar kujera, da farin wandon hawan doki, gashinta a barbaje, ta miƙa hannu wajen wata kura mai shayarwa da ke tsaye a gabanta. A bayanta dokin wasa na katako yana shawagi a jikin bango, ta taga kuma ana hango farin doki na gaske yana sukuwa cikin itatuwa. Wanda ya tashi da tatsuniyar kura mai kwaɗayi da wauta, wadda Gizo yake wasa da hankalinta kullum, zai ɗan yi turus a nan, saboda kurar Carrington ba abar dariya ba ce. Tsayuwarta ta yi daidai da zaman matar, idonta ma irin nata ne, har mutum ya rasa wace ce uwar ɗakin wata.

A nan ina da nawa laifin, kuma ya kamata in faɗa. Na nace a yi mini shi a kan 90 da 60 domin ya yi daidai da na Rousseau a bango guda, alhali asalinsa faɗin santimita 81 ne da tsayin 65. Kafin ya cika wannan ma'auni dole a zubar da kusan kashi ɗaya cikin shida na tsayinsa. Abin da nake tuhumar shagon da shi shi ne rashin gaya mini, domin wanda ke zaune gaban kwamfuta ya ga abin da wuƙarsa za ta ci. An datse saman labule, an kuma datse ƙasa har an taɓa takalman matar, alhali ƙafafun kujerar an zana su ne su kwaikwayi waɗannan takalma, kamar yadda hannuwan kujerar suke kwaikwayon hannunta. Raha ce ƙarama da mai zanen ta ɓoye don wanda ya natsu, kuma irin wannan zane da ire-iren waɗannan ƙananan abubuwa yake rayuwa. Akwai kuma wani wuri kusa da kurar da ya yi kama da an goge wani abu da tsumma, wanda haka yake a asalin zanen, amma a nawa bugun ya gauraye da dusashewar hoton, har wani baƙo ya tambaye ni ko ruwa ne ya zuba.

Na koma shagon da zanen a hannu. Mai shagon ya saurare ni har na gama, ya sa aka buɗe hoton da aka yi aiki da shi, sai ga shi faɗinsa ɗigo 1,200 ne kawai (ƙananan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto a kwamfuta), irin wanda ake saukowa da shi daga intanet. Lissafin ba shi da wuya. Santimita 90 inci 35 ne da ɗan ɗoriya, kuma kafin bugu a kan ƙyalle ya fito tas ana son ɗigo wajen 150 a kowane inci, wato ana buƙatar hoto mai faɗin ɗigo sama da 5,000. Wanda aka yi amfani da shi bai wuce ɗigo 34 a inci ba, shi ya sa ratsin jikin kurar ya narke, fuskarta ta zama kamar an shafa mata man shanu. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, gaskiya abin da muka samu ke nan, kuma yawancin masu kawo mana aiki daga nesa suke kallo." Ya yi mini tayin sake bugawa a rabin kuɗi idan na kawo hoto mai nauyi da kaina, na kuma ga adalci a tayin, ko da yake tambayar da ya kamata a yi mini tun ranar farko ce ta dawo mini a matsayin rangwame.

Akwai batun da shagon bai tayar ba, ni ma ban tuna da shi ba sai daga baya, wato haƙƙin mallaka. Zanen Rousseau ya daɗe da zama na kowa, tun da mai shi ya rasu fiye da shekara ɗari. Chagall kuwa a 1985 ya rasu, Carrington a 2011, kuma a ƙasashe da dama haƙƙin aiki yana hannun magada har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa hoto mai nauyi na tsofaffin zane yake samuwa cikin sauƙi, na baya-bayan nan kuma yake wuya. Aikin Carrington ba ƙaramar kadara ba ce yanzu, domin a watan Mayun 2024 an yi gwanjon wani zanenta na 1945 a Niyok kan dala miliyan 28.5. Mai son bugu mai inganci na irin waɗannan ya fi masa sauƙi ya nemi wanda gidajen adana zane suke sayarwa da izini, ya kawo shagon a yi masa ɗauri kawai.

Game da ƙarko, wata huɗu sun nuna mini abin da zan iya faɗa. A makon farko akwai warin tawada mai ƙarfi, irin na sabon allon talla, sai da na bar tagogi a buɗe kafin ya tafi. Katakon bai lanƙwashe ba duk da bushewar hunturu, ƙyallen ma bai saki ba. Ƙura tana maƙalewa a cikin saƙar ƙyallen, amma busasshen tsumma mai laushi yana fitar da ita, kuma ban yarda a sa masa ruwa ba. Man ƙyalli da aka shafa a sama ya yi yawa ga zanen dare irin na Rousseau, domin idan aka kunna ƙwan lantarki sai hasken ya zauna a tsakiyar sararin sama kamar wata na biyu. Da na sani da na nemi marar ƙyalli, wanda ashe suna da shi, sai dai ba sa ambata shi sai an tambaya.

Wurin ratayawa ma sai da aka yi shawara a gida. Da mahaifiyata ta zo ta ga zaki da kura a bangon falo, sai ta tuna mini cewa a nan baƙi suke salla, kuma mutane da yawa ba sa son hoton abu mai rai a inda ake ibada. Na ce, "To, Hajiya," na mayar da su ɗakin karatu, inda ma rana ba ta bugunsu kai tsaye.

Zan sake kai wa wannan shago aiki, amma ba kowane iri ba. Zane mai manyan fili da launi bayyananne, ko rubutu, ko hoton iyali, za su yi shi yadda ake so, ɗaurinsu kuma ya fi na wurare biyu da na gwada a baya. Zane mai ƙananan abubuwa da launi mai sanyi kuwa sai mai shi ya zo da hotonsa mai nauyi, ya faɗi ma'aunin asali, ya hana a taɓa launi, sannan ya nemi a buga masa ɗan yanki kamar tafin hannu ya gani kafin a saki injin. Na Rousseau yana gaban teburina, na Chagall yana kusa da ƙofa inda yara ke iya kaiwa gare shi da ido, na Carrington kuma na cire shi daga katakon na naɗe, katakon yana jingine bayan kabad har in sami bugun da zai dace da ma'aunin 65 da 81, in kai a rage masa tsawo.