Dodo ko baƙon sama: wane katun ya kamata a saya wa yara?

Dalilin da ya sa yara ke son finafinan dodanni a fili yake. Yaro yana tsoron duhu da abin da ke ƙarƙashin gado, sai fim ya jawo abin nan fili, ya yi masa gashi buzu-buzu da ƙaho, sannan ya sa shi ya yi tuntuɓe ya faɗi tim. Shi ke nan tsoro ya koma dariya. Matsalar mai saye ita ce hotunan da ke jikin finafinan duk kama ɗaya suke: launi mai ɗaukar ido, idanu ƙwala-ƙwala, haƙora a waje. Don haka kar ka tsaya duba munin dodon. Fara da tambayar wane ne ƙarami cikin masu kallo, kuma yana jin harshen da ake magana da shi a fim ɗin ko kuwa hoto kawai yake bi?

Idan akwai ɗan shekara uku ko huɗu a gidan, A Shaun the Sheep Movie: Farmageddon na 2019 ya fi dacewa. Kamfanin Aardman da ke Bristol a Ingila ne ya yi shi, da 'yan tsana da aka ƙera da hannu, ana gusa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Labarin wata 'yar baƙuwa ce daga wata duniya, Lu-La, da jirginta ya sauka kusa da gona, tumaki suka shiga neman yadda za su mayar da ita gida. Babu zance ko ɗaya a ciki, sai kukan tumaki da gurnani da motsin fuska. Ba wanda zai riƙa taɓa ka yana cewa "me ya ce?", kuma kaka da jika dariya ɗaya za su yi.

Wanda zan ce a saya a ajiye shi ne Monsters, Inc. na Pixar, wanda ya fito a 2001. Garin dodanni ne da ke samun wutar lantarki daga ihun yara, don haka tsoratarwa sana'a ce, da ma'aikata da shugaba da gasar wanda ya fi kawo ihu. Daɗin abin, dodannin su ma tsoron yara suke kamar ransu zai fita. Akwai wurin da wani dodo ya dawo daga aiki da safar yaro manne a bayansa. Nan take jami'an tsafta suka diro, suka danne shi, suka tarwatsa safar, suka aske shi ƙwal. Yaro zai yi dariyar askin, babba kuma zai tuna da wurin aikinsa. Daga baya Sulley da Mike, dodanni biyu da su ne taurarin fim ɗin, suka gano dariyar yaro ta fi ihunsa ƙarfi har ninki goma. Sai dai a lura da Randall, dodon nan mai kama da hawainiya da ke ɓacewa ya sake bayyana, da kuma injin tsotse ihu. Waɗannan na iya sa ƙaramin yaro ya lafe a jikin uwarsa, duk da cewa a Amurka an ba fim ɗin alamar G, wato ya dace da kowa. Monsters University na 2013 ya koma zamanin karatun su biyun. Ba laifi, amma bai kama ƙafar na farko ba.

Lilo & Stitch na 2002 kuwa sai an yi tunani. Stitch halitta ce da aka haɗa a ɗakin gwaji, mai lamba 626, ya tsero ya faɗo Hawai, wata yarinya mai suna Lilo ta ɗauke shi a matsayin kare. Ɓarnarsa abin dariya ce, kuma zanen, da aka yi bayansa da fentin ruwa, yana da sanyi a ido. Amma abin da zai taɓa yaro ba Stitch ba ne. Lilo marainiya ce, yayarta Nani ke riƙon ta da ƙyar, ga jami'in kula da yara yana zuwa yana cewa zai raba su. Yaron da ya yi rashin uwa ko uba kwanan nan, kar a kunna masa a tashi a bar shi shi kaɗai. A kuma duba shekara kafin a biya, domin Disney ta sake yin fim ɗin da 'yan wasa na gaske a 2025, kuma sunan ɗaya ne.

Monsters vs. Aliens na DreamWorks, 2009, ya haɗa ɓangarorin biyu. Dutse daga sama ya faɗo wa amarya Susan ranar aurenta, ta zama ƙatuwa mai tsawon kusan ƙafa 50, gwamnati ta kulle ta da wasu dodanni, sannan aka sake su don su yaƙi maharin da ya zo daga sararin samaniya. Faɗan da aka yi a gadar Golden Gate ta San Francisco ya ƙayatar, B.O.B. kuma, ɗaya daga cikin dodannin, wanda ba shi da ƙwaƙwalwa ko kaɗan, shi ne gwanin yara. Amma rabin barkwancin shaguɓe ne ga finafinan Amurka na shekarun 1950 da shugaban ƙasa da sojoji, abin da zai wuce ta saman kan ɗan shekara shida. Wannan na haya ne, a kalla sau ɗaya ko biyu.

Hotel Transylvania na 2012 gudu ne da hayaniya daga farko har ƙarshe. Dracula, dodo mai shan jini, ya gina wa dodanni masauki don ya ɓoye 'yarsa Mavis daga mutane, har ya kafa ƙauyen bogi don ya tsorata ta, sai ga saurayi ɗan Adam ya shigo ana shirin bikin cikarta shekara 118. Soyayya ce ƙashin bayan labarin, kuma kowane gida ya san inda ya ja layinsa a kan haka. An yi masa ci gaba har uku, a 2015 da 2018 da 2022, kuma idan yara suka kamu sai sun nemi duka, don haka ka sa wannan a lissafi.

Batun saye ko biyan kuɗin wata, ka tuna yaro ba ya gajiya da maimaici. Fim ɗin da zai kalla har ya haddace ya fi araha a faifai ko a saya gaba ɗaya, ballantana manhajojin kallo sukan cire fim ba sallama, kuma abin da ke cikinsu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Na Pixar da Disney galibi a Disney+ suke, inda ake samun ta.

Akwai kuma wanda ake yawan jerawa tare da waɗannan alhali ba ajinsu ɗaya ba: Monster House na 2006. Katun ne, da barkwanci a ciki, amma gida ne mai rai da ke haɗiye duk abin da ya taka harabarsa, kuma da gaske aka shirya shi don ya ba da tsoro. A bar wa 'yan shekara goma zuwa sama, su ma da rana.